Karkason: Ganuwar da alƙalamin ma'aikata ya ceto

A kudancin Faransa, kimanin kilomita 90 daga birnin Toulouse in an nufi gaɓar tekun Bahar Rum, akwai wani tsohon gari bisa tudu a gefen kogin Aude. Faransawa suna rubuta sunansa Carcassonne, suna furta shi Karkason. Ganuwa biyu ne suka kewaye shi, ɗaya a cikin ɗaya, tsawonsu in an haɗa ya kai kilomita 3, ga kuma hasumiyoyi 52 a jikinsu. Kowace shekara baƙi suna yin tururuwa zuwa kallonsa daga sassan duniya, kuma tun 1997 hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin wuraren tarihi da duniya ta gada. Abin da yawancin masu ɗaukar hoto a bakin ƙofarsa ba su sani ba shi ne, shekara 170 da 'yan kai da suka wuce saura ƙiris a bar wa magina duwatsun wannan ganuwa su kwashe. Waɗanda suka hana hakan ma'aikatan gwamnati ne, makamansu kuwa rajista da rahoto da kasafin kuɗi. Shi ya sa nake ganin labarin garin ya fi dacewa da kunnen mai zama a ofis bisa kunnen ɗan yawon buɗe ido.

Tarihin wurin ya girmi Faransa kanta. Rumawa sun zauna a kan tudun suna kiransa Carcaso, kuma a ƙarshen zamanin daularsu, tsakanin ƙarni na 3 da na 4, suka kewaye shi da ganuwar farko, wadda har yau ana gane ragowarta da ƙananan duwatsu da jerin jan bulo a tsakaninsu. Bayansu ƙabilar Visigoth ta riƙe garin. A shekarar 725 rundunar Musulmin Andalus ƙarƙashin gwamna Anbasa ɗan Suhaim ta karɓe shi, ya zauna a hannunsu shekara talatin da 'yan kai, kafin Sarki Pepin, mahaifin Charlemagne, ya ƙwace yankin wajajen 759. Dalilin da ya sa kowa ke kwaɗayin tudun a fili yake. Yana tsaye ne a kan mashigar da ta haɗa ɓangaren tekun Atilantika da na Bahar Rum, yana kuma kallon hanyar da ta gangaro daga duwatsun Pyrenees, wato daga Sifaniya.

Daga 1067 garin ya faɗa hannun gidan sarautar Trencavel, waɗanda suka gina fadar da ke cikinsa a ƙarni na 12. Zamaninsu ya ƙare cikin jini. A lokacin wata ɗariƙar Kirista da ake kira Cathar ta bazu a kudancin ƙasar, cocin Katolika ya ɗauke ta a matsayin ɓata, Fafaroma Innocent na Uku ya yi shelar yaƙi a kanta. A watan Yulin 1209 rundunar da ta taso daga arewa ta yi wa mutanen garin Béziers kisan kiyashi, a farkon Agusta ta iso Karkason. Mako biyu aka yi ana ƙawanya cikin tsananin zafi, aka tare wa mutanen gari hanyar kogi, ƙishirwa ta yi abin da majaujawa ta kasa. Mai garin, Raymond-Roger Trencavel, saurayi ɗan shekara 24, ya fita neman sulhu aka kama shi, ya mutu a tsare cikin watan Nuwamba. Aka kori mazauna daga su sai tufar jikinsu, aka danƙa garin ga jagoran yaƙin, Simon de Montfort.

Ba a jima ba garin ya koma hannun sarkin Faransa kai tsaye. Ɗan marigayin ya yi yunƙurin ƙwato gadon ubansa a 1240, bai yi nasara ba. Sarki Louis na Tara da magajinsa Philippe na Uku suka ƙara ganuwa ta biyu, suka ƙarfafa ta ciki, domin a wancan zamani iyakar Faransa da masarautar Aragon tana nan kusa. Mazauna unguwannin bayan ganuwa da suka goyi bayan tawayen an rushe musu gidaje, daga baya aka ba su fili a tsallaken kogi, inda suka kafa sabon gari mai miƙaƙƙun tituna. A 1355, lokacin dogon yaƙin Ingila da Faransa, yariman Ingila Edward, wanda ake yi wa laƙabi da Baƙin Yarima, ya ƙone garin na ƙasa ƙurmus, amma ya dubi ganuwar tudu ya wuce abinsa.

Abin da maƙiya suka kasa, zaman lafiya ya kusa yi. A 1659 Faransa da Sifaniya suka ƙulla yarjejeniyar Pyrenees, iyaka ta matsa can kudu, Karkason ya tashi daga bakin daga ya koma garin tsakiyar ƙasa. Igwa kuma ta riga ta rage wa doguwar ganuwa kwarjini. Masu mulki da masu kuɗi suka gangara garin ƙasa, inda masaƙun ulu ke fitar da yadi har zuwa kasuwannin Daular Usmaniyya ta Turkiyya. Tudun ya zama unguwar talakawa, yawancinsu masaƙa, suka gina ɗakuna a filin da ke tsakanin ganuwa biyu suna jingina su da bango. Rufin hasumiyoyi ya zube, masu gini suka mai da ganuwar wurin ɗibar dutse. Wajajen 1850 gwamnati a Paris ta fitar da doka da ta cire ta daga jerin wuraren tsaro na soja, wanda ma'anarsa ita ce an sallama ta ga mai guduma.

A nan mutum uku suka shigo cikin labarin. Na farko ɗan gari ne, Jean-Pierre Cros-Mayrevieille, masanin tarihi da ya daɗe yana rubuta wa hukumomi takardu a kan darajar wurin. Na biyu Prosper Mérimée, marubuci wanda tun 1834 yake riƙe da muƙamin babban sufeton gine-ginen tarihi na Faransa, yana zagaya larduna cikin keken doki, yana duba majami'u da fadoji da gadoji, yana rubuto rahoto. Na uku Eugène Viollet-le-Duc, masanin zanen gine-gine. Mai karatu ya lura da jerin shekarun nan. An ƙirƙiri ofishin sufeton a 1830, aka kafa kwamitin gine-ginen tarihi a 1837, aka fitar da rajistar farko ta wuraren da za a kare a 1840. Majami'ar Saint-Nazaire da ke cikin ganuwar ta shiga wannan rajista, kuma tun 1844 Viollet-le-Duc yake gyaranta. Saboda haka ranar da dokar sallamawa ta fito, akwai fayil a buɗe, akwai zane, akwai jami'in da ya taka wurin da ƙafarsa, akwai kuma ɗan gari da ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa. Aka janye dokar, a 1853 aka amince da aikin gyaran ganuwar. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma Faransawa sun fafe nasu shekara ashirin kafin tafiyar ta taso.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne daɗewar aikin. An fara shi a zamanin Sarki Napoleon na Uku. A 1870 Jamusawan Prussia suka ci Faransa da yaƙi, sarkin ya faɗi, aka kafa jamhuriya, ƙasar ta biya tara mai nauyi, ta rasa yankin Alsace da wani sashe na Lorraine. Duk da haka ba a jingine aikin Karkason don kawai tsohuwar gwamnati ce ta fara shi ba. Viollet-le-Duc ya rasu a 1879, almajirinsa Paul Boeswillwald ya ɗora daga inda ya tsaya, aka ci gaba har wajajen 1911. Kusan shekara sittin ke nan. Ministoci sun zo sun wuce ba adadi, waɗanda suka sa hannu a takardar farko ba su ga ƙarshen aikin ba, amma ofishin yana nan, fayil ɗin yana nan. Duk ma'aikacin da ya taɓa ganin aikin da aka ƙaddamar da kaɗe-kaɗe ya mutu ranar da aka sauya minista, ya san nauyin wannan magana.

Faransa ba ta tsaya ga gyaran gini ɗaya-ɗaya ba, ta ɗaure abin da doka. Dokar 1913 ta hana a rushe ko a sauya ginin da aka sa cikin rajista ba da izinin hukuma ba, ko da kuwa mallakin wani ne. A 1943 aka ƙara cewa duk wanda zai yi gini a tazarar mita 500 daga irin wannan wuri, in ana hango su tare, sai jami'in gwamnati masanin zanen gini ya duba ya amince. A 1962 ministan al'adu André Malraux ya kawo dokar da ta ba da damar kare unguwa sukutum, da titunanta da gidajenta, kuma garin Sarlat da ke yankin Dordogne yana cikin na farko da suka ci moriyarta. Waɗannan dokoki suna ɓata wa masu gidaje da 'yan kwangila rai, domin suna jinkirta aiki suna kuma ƙara tsada. To amma su ne dalilin da ya sa mai tsayawa a kan tsohuwar gadar kogin Aude yake ganin ganuwar Karkason a sarari, ba tare da wani bene ko gidan mai ya tare masa ido ba.

Me baƙo ke samu in ya je? Yakan shiga ta ƙofar Narbonne, mai manyan hasumiyoyi biyu, ko ya hau ta ƙofar Aude da ke fuskantar kogi. Shiga cikin garin da yawo a lungunansa kyauta ne, sai fadar Trencavel da hawa kan ganuwa ne ake biyan kuɗi, kuma cibiyar gwamnati mai kula da gine-ginen tarihi na ƙasa ce ke riƙe da su. Daga kan bango ana hango gonakin inabi da garin ƙasa, ranar da sama ta washe har da duwatsun Pyrenees. Majami'ar Saint-Nazaire ta yi suna da tagoginta na gilashi mai launi. A watan Yuli ana yin bikin kiɗa da wasan kwaikwayo a dandalin da ke cikin ganuwar, a daren 14 ga watan kuma, ranar bikin ƙasa ta Faransa, ana yin wasan wuta da ke sa tudun ya zama kamar yana ci bal-bal. A garin ƙasa akwai Canal du Midi, hanyar ruwa mai tsawon kilomita 240 da aka haƙa a ƙarni na 17, ita ma tana cikin jerin UNESCO tun 1996. Abincin da yankin ya shahara da shi, cassoulet, dahuwar wake ce da nama, sai dai Musulmi ya tambaya kafin ya sa cokali, domin galibi da naman alade ake yin sa.

Garin ya iya sayar da tatsuniya kamar yadda ya iya sayar da tarihi. A bakin ƙofar Narbonne akwai mutum-mutumin wata mata da ake kira Dame Carcas. Ana cewa matar wani sarkin Musulmi ce da Charlemagne ya yi wa ƙawanya shekara da shekaru, da abinci ya ƙare sai ta ɗura wa alade na ƙarshe sauran alkamar da ta rage ta jefo shi daga kan ganuwa, maƙiya suka zaci gari cike yake da hatsi, suka janye. Masana sun san ƙagagge ne. Sunan garin ya girmi zamanin da ake magana da ɗaruruwan shekaru, kuma duk Musulmin da ya ji labarin zai tambaya me alade ke yi a fadar sarauniyar. Duk da haka masu yi wa baƙi jagora suna ba da shi kullum, masu shaguna suna cin abinci da shi. Haka sunan garin ya shiga fim ɗin Robin Hood na 1991 da aka ɗauki wani sashensa a can, ya kuma hau kan wani wasan allo da aka fitar a Jamus a 2000, wanda ya bazu a ƙasashe da yawa.

Adalci ne a faɗi abin da aka yi asara. Tun Viollet-le-Duc yana raye ake sukar sa da cewa ya gina garin da ke cikin kansa ne maimakon wanda ya tarar. Ya rufe hasumiyoyi da dogon rufi mai tsini na falalen baƙin dutse, irin na arewacin Faransa, alhali kudanci an san shi da jan kasko, har daga baya aka sauya rufin wasu daga cikinsu. Masana gyaran gine-gine na yau ba za su yarda a ƙara wa tsohon gini abin da babu hujja a kansa ba. Sannan talakawan da suka zauna tsakanin ganuwa biyu an tashe su an rushe ɗakunansu domin bango ya fito fes. A yau mazauna cikin ganuwar kaɗan ne ƙwarai, gidajen sun koma otal-otal da wuraren cin abinci da shagunan tsaraba masu sayar da takubban roba, kuma a watan Agusta cunkoso kan hana mutum sakewa. Wanda ya ce an ceci duwatsu an rasa unguwa, bai yi ƙarya ba.

Sai dai wannan suka tana nuna yadda ya kamata a yi gyara ne, ba ta isa hujjar barin gyaran ba. Kuskuren rufi an iya gyara shi bayan shekara ɗari saboda hasumiyar tana tsaye, da an bari an kwashe duwatsunta babu abin da za a yi gardama a kai. Mutanen garin ma sun nuna cewa wurin bai fita daga ransu ba. A 2018, da aka bai wa wani mai fasaha, Felice Varini, izinin liƙa manyan da'irori masu launin rawaya a jikin ganuwar na 'yan watanni, jama'a da yawa sun fusata har suka tattara sa hannu suna neman a cire. Ko mutum ya goyi bayan mai fasahar ko masu fushin, gari ne da mutanensa ke faɗa a kan launin da aka sa wa bangonsu.

A nan ne maganar ta dawo gida, domin mu ma muna da garuruwa masu ganuwa, kuma alhakin kare su yana wuyan gwamnatin tarayya. Badalar Kano, wadda aka fara a zamanin Sarki Gijimasu aka kuma faɗaɗa a zamanin Muhammadu Rumfa, tana cikin jerin wuraren da Najeriya ta miƙa wa UNESCO don dubawa tun 2007, har yau ba ta tsallake wannan mataki ba. Duk wanda ya zagaya ta ya ga inda aka yanka aka gina gidaje da shaguna, da inda aka kwashi ƙasarta, da ƙofofin da aka rushe aka sake ginawa da siminti don faɗaɗa titi. Ta Zariya ma haka abin yake. Muna da Hukumar Kula da Gidajen Tarihi da Kayan Tarihi ta Ƙasa tun 1979, muna da dokar da ta kafa ta, amma wurare biyu kacal muke da su a jerin UNESCO, Sukur a Jihar Adamawa tun 1999 da kurmin Osun a Osogbo tun 2005.

Na san amsoshi biyu da za a ba ni. Za a ce tasu ganuwar dutse ce, tamu ta ƙasa, ruwan sama yana cin ta kowace damina. Gaskiya ne, amma ginin ƙasa da ake yi wa yaɓe a kan lokaci yana rayuwa ɗaruruwan shekaru. Mutanen Djenne a Mali suna taruwa kowace shekara su yaɓe babban masallacinsu, tsohon garin Agadas a Nijar kuma, da ginin ƙasarsa, ya shiga jerin UNESCO a 2013. Abin da ginin ƙasa ke nema shi ne kuɗi kaɗan a kai a kai, da magina na gargajiya da suka san sirrin tubali da makuba, wato daidai irin kashe kuɗin da tsarinmu na babbar kwangila ba ya so. Za a kuma ce ƙasar da asibitocinta ke kukan magani ba ta da halin kula da bango. Faransar 1853 ba aljanna ba ce, talaucin da ke cikin ganuwar Karkason kansa shaida ne. Kuma asibitin da ba a gina bana ba ana iya gina shi baɗi, amma ganuwar da aka mayar fulotai ta tafi ke nan har abada.

Abin da ake buƙata daga masu riƙe da alƙalami bai fi ƙarfinsu ba. A auna abin da ya rage na kowace ganuwa, a sa shi a taswira, a buga a jaridar gwamnati, domin ba a kare abin da ba a san iyakarsa ba. A ware tazarar da ba a gini a cikinta, a kuma zauna da gwamnatocin jihohi, tun da dokar filaye ta 1978 ta sa ƙasa a hannun gwamnoni, su ne masu sa hannu a takardar mallaka. A buɗe layi na dindindin a kasafin kuɗi don yaɓe da gyara, wanda ba zai dogara da son ran minista ba. A sa masarautu da Sarakunan Magina da mazauna unguwanni cikin aikin tun daga farko, kada mu maimaita abin da aka yi wa masaƙan Karkason. Maganar baƙi da kuɗin shiga ta biyo baya. Mérimée da abokan aikinsa ba su san za a yi jirgin sama mai kawo 'yan yawon buɗe ido ba, sun kare wurin ne don sun ga ya cancanta, ribar ta zo wa jikokinsu.

Da yawa cikin masu karanta wannan shafi aiki yakan kai su Faransa, taro ko kwas ko rakiyar mai gida. In hali ya yi, a ɗauki jirgin ƙasa zuwa Toulouse, daga can tafiyar kimanin awa ɗaya ce zuwa Karkason, domin gani ya kori ji. A hau ganuwar, a dubi inda dutsen Rumawa ya ƙare na sarakuna ya fara, da inda na masu gyara ya ɗora. In an dawo Abuja kuma, a tambayi inda fayil ɗin badalar Kano yake, da sunan jami'in da ya duba shi na ƙarshe, da ranar da ya taka wurin da ƙafarsa.